Yawun Arnfinn

Bergen, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga Torhild Ura,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yayanki Arnfinn, da fatan sanyin bana ya zo muku da sauƙi a tsibiri. Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwata da ke tuna mini shekaruna duk lokacin da na hau bene.

Wataƙila ba ki tuna ni ba. Ni ne Sigvald, ɗan Borghild ta gidan Rognvik. An ce mini ba kya amsa waya, ba kya duba saƙon kwamfuta, shi ya sa na ɗauko biro.

Kin fi ni sanin abin da guguwar bara ta tono a bakin ruwa, ƙasan gonar Rognvik, tunda ta tagarki ma kina hangen wurin: kwale-kwale a binne, mutum kwance a ciki da takobinsa, tun zamanin Viking, mayaƙan tekun nan na shekara dubu da suka wuce. Masu bincike na jami'a sun ciro ƙwayar halittarsa daga haƙori guda. Sun ce in aka samu namiji mai rai daga tsatson gidan, za su gwada su gani ko mutumin nan kakanmu ne. Sai dai abin da suke bi, uba ne ke ba ɗansa namiji, shi ma ya ba nasa ɗan. Ba ya bi ta wurin mace. Nawa ba zai yi ba, ni ɗan mace ne. 'Ya'yan kakanmu Ivar maza biyu ne, ɗaya teku ta ci shi bai yi aure ba, ɗayan mata kaɗai ya haifa. Mun nemi izinin buɗe kabarin Ivar ɗin kansa, hukuma ta ce ba a tona maƙabartar coci don biyan sha'awar kowa.

To a zaman ƙungiyar zuriyarmu wani ya tuna cewa an daɗe ana wata magana a kan mahaifinku, marigayi Halvard. Ban ce gaskiya ce ba, ban ce ƙarya ce ba. Amma in akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, Arnfinn ne kaɗai ya rage mana a duniya.

Abin ba wuya. Yawu kawai zai tofa a 'yar kwalba. Muna so sakamako ya fito kafin babban taron zuriya na watan Agusta, wanda har 'yan'uwanmu na Amurka za su zo.

A gaida Arnfinn.

Naki,
Sigvald

Ura, 2 ga Maris

Sigvald,

Na samu wasiƙarka. Ni lafiyata ƙalau. Arnfinn ba shi da lafiya, huhunsa ne, tun kaka yake kwance a ɗakin ƙasa ina jinyarsa. Allah ya ba gwiwarka sauƙi.

Ka ce wataƙila ban tuna ka ba. Ni kuwa har rigar da ka sa na tuna, shuɗiya ce mai maɓallan ƙarfe, kana riƙe wa uwarka lema.

Bari in tuna maka, tunda kai ne mai mantuwa. Da babanmu ya rasu, tsoho Nils mai haƙa kabari bai tambayi kowa ba, ya je ya haƙa a filin gidan Rognvik da ke maƙabarta, gefen babban dutsenku mai sunayen mamata. Me zai tambaya? Wa ke tsibirin nan bai san ɗan wa ne Halvard ba? Hancin Ivar ne a fuskarsa, tafiyar Ivar ce, har yadda yake karkata kai in zai yi tari. Safiyar binnewa sai ga uwarka ta tsaya bakin ramin. Ta ce, "Nils, wa ya mutu a gidanmu ban sani ba?" Ya ce, "Haba Borghild, ɗan'uwanki ne fa." Ta ce, "'Yan'uwana maza biyu ne, kuma na san inda kowanne yake. Mayar da ƙasar nan. Ɗan 'yar aiki ya nemi wurinsa."

Ya mayar kuwa. Muka tsaya da akwatin gawa a ƙofar coci, ruwa na dukanmu, fasto ya ƙura wa takalminsa ido kamar ranar ya fara ganinsa, har Nils ya gama wani ramin can jikin katangar arewa inda ruwa ke kwanciya. Arnfinn na cikin masu riƙe da akwatin, yana matashi. Bai ajiye ba har aka gama. Kakanka Ivar yana raye lokacin, bai ko leƙo ba, hayaƙi dai muka gani yana fita daga bututun gidansa.

Yanzu kuma an tono wani mai takobi, sai ga "wata magana da aka daɗe ana yi". Sannu da ƙoƙari, Sigvald! Kun hana babanmu sunan gonarku Rognvik, aka lanƙaya masa Ura, sunan gangaren duwatsun da aka ba uwarsa ta kafa bukka, kun hana shi ƙasar kwanciya, amma yawun ɗansa kuna so.

Da na karanta wa Arnfinn wasiƙarka dariya ya yi har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Kai, Torhild, ashe yawuna na da daraja haka? Shekara da shekaru ina zubar da shi a teku a banza!" Shi haka yake, bai iya riƙo ba. Ni ce na iya, kuma ni ke buɗe wasiƙu a gidan nan.

Ga sharaɗina. A sassaƙa sunan babanmu a dutsen nan naku, ƙarƙashin 'ya'yan Ivar: Halvard, ɗan Ivar, Rognvik. Haruffan su yi girma ɗaya da na sauran, kuma a gaba, ba a baya ba. In na je na gani da idona, na shafa da hannuna, sai a yi maganar kwalba.

Wani abu kuma. Ɗan'uwan uwar mutum kawu ake ce masa, ba "mahaifinku" ba.

Torhild

Bergen, 20 ga Maris

Zuwa ga Torhild,

Ina gaishe ki, ina kuma yi wa Arnfinn sannu. Ban san jikin ya yi tsanani haka ba. Matata Gunvor ta ce a gaya miki a riƙa ba shi madara mai ɗumi da zuma.

Wasiƙarki ta hana ni cin abinci. Ina yaro a ranar nan, an ba ni lema an ce in riƙe, na riƙe. Uwata ta rasu, ba ta nan balle ta kare kanta, ni kuma ba zan zage ta a takarda ba.

Na kai maganarki gaban kwamiti. Dutsen ba nawa ba ne. Haƙƙin filin kabarin yana hannun Ragnhild, 'yar kawuna, kuma ba a taɓa ko harafi ɗaya sai da sa hannunta. Ta ce abin da aka sassaƙa a dutse ba ya gogewa, don haka ba za a rubuta magana a kan ji-ta-ji-ta ba. Ni ma in na duba, ba ta yi ƙarya ba. Ga abin da muka tsayar, kuma ina ganin adalci ne: Arnfinn ya tofa, a gwada. In ya dace da mutumin kwale-kwale, shi ke nan magana ta ƙare, mu da kanmu za mu kira mai sassaƙa, mu yi buki, ke za ki cire ƙyallen da aka rufe sunan da shi a gaban kowa.

Ki duba, Torhild, wannan dama ce da babanku bai samu ba. A da baki ne da baki, yanzu akwai hujjar da ba mai musunta ta.

Ga kwalbar nan na haɗo, da takardar yadda ake yi. Kada ya ci ko ya sha komai kafin ya tofa. Akwai ruwan magani a murfin, yana hana shi lalacewa har tsawon watanni.

Naki,
Sigvald

Ura, 4 ga Afrilu

Sigvald,

Lafiya muke, gwargwado. Ka gode wa Gunvor, amma wanda likitocin Bergen suka sallama ba zuma ce za ta tashe shi ba.

Wato mutumin da ya mutu shekara dubu shi zai yanke hukunci ko babana ɗan ubansa ne. In kuma baƙo ne da ya zo wucewa ciwon ciki ya kashe shi a bakin ruwanku fa? Sai babana ya ci gaba da zama shege saboda haƙorin wani? Ku kuna neman kaka ne ku yi ado da shi, ni ubana nake magana.

Ka gaya wa Ragnhild ta tsaya gaban madubi ta dubi hancinta, sannan ta zo ta dubi na Arnfinn. Wannan gwajin ba sai an aika Bergen ba.

Kwalbar ban jefar ba, tana kan kanta kusa da gwangwanin kofi. Suna tukuna.

Kuma har yanzu "babanku" ka rubuta. Na lura.

Torhild

Bergen, 28 ga Mayu

Zuwa ga Torhild,

Ina fatan kuna lafiya. Wannan ce wasiƙa ta uku da na aiko tun Afrilu, ba amsa ko ɗaya. Gwiwata ta kumbura, da na shigo jirgin fito na zo da kaina.

Da na karanta cewa ba ki jefar da kwalbar ba, na ɗauka kin fara saukowa ne. Kuskurena ne, na yi gaggawa, na rubuta wa mutanen Amurka cewa an samu wanda zai tofa. Yanzu sun sayi tikiti. Wani jikan 'yar'uwar Ivar har ya sa an zana masa kwale-kwalen a dantse, ya aiko mini da hoto. Masu binciken kuma sun ce ƙarshen watan Yuli za su rufe aikin su mayar da ƙasusuwan ma'ajiya.

Jiya na kira shagon tsibiri. Mai shagon ta ce Arnfinn ya daina saukowa ko bakin ƙofa, ta ce ma'aikaciyar jinya na zuwa safe da yamma. Torhild, tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Tun da na yi ritaya ba abin da na sa a gaba sai tarihin gidan nan. In ya tafi bai tofa ba, ƙofa ta rufe har abada, a gare mu da ku duka.

Ba ki da ikon yanke masa hukunci. Yawunsa ne, ba naki ba. Kin taɓa tambayarsa shi me yake so? Na saka wata 'yar takarda a ciki da sunansa a kai. Ina roƙonki ki ba shi ya karanta da kansa.

Sigvald

Ura, 19 ga Yuni

Sigvald,

Ni lafiyata ƙalau, in ana ce wa wannan lafiya. Arnfinn ya rasu ranar Talatar makon jiya da hantsi, taga a buɗe, yana jin kukan tsuntsayen teku. Mun binne shi ranar Asabar a jikin katangar arewa, gefen babanmu. Daga gidan Rognvik ba wanda ya zo. Ban gayyata ba, kada ka ce an yi maka rowa bisa kuskure.

Takardarka na ba shi. Ba na ɓoye wa mutum wasiƙarsa, ba a gidanku aka rene ni ba. Ya sa tabarau ya karanta a hankali, ya ce, "Wayyo Sigvald, duk ya bi ya rikice. Miƙo mini kwalbar nan." Na ce, "Ba za ka tofa musu komai ba." Ya ce, "Ke dai tun kina 'yar ƙarama kike ba ni umarni. Bakina ne ko naki? Miƙo." Na miƙa.

Ba ka san wahalar da ya sha ba. Bakinsa ya bushe ƙamas saboda magani. Sai da na yanka lemon tsami na riƙe masa a hanci yana shaƙa, yana tarawa kaɗan-kaɗan, yana hutawa, kafin ya kai layin da aka zana. Da ya gama ya ce, "To, ga gadon Viking nan, a kai wa sarki." Ya yi dariya. Ita ce dariyarsa ta ƙarshe da na ji.

Saboda haka abin da kake nema akwai shi. An rufe shi yadda takardarku ta ce. Arnfinn ya tafi, ba wani kuma, wannan kwalbar ce kaɗai a duniya.

Sharaɗina yana nan inda yake. A sassaƙa sunan kafin taronku, ni kuma in aiko maka da ita. Na yi maka alkawari. Ka gaya wa Ragnhild ta zaɓa, ko ta sa hannu, ko ta tsaya gaban mai zane a dantse ta yi masa bayani da kanta.

Torhild

Bergen, 25 ga Yuli

Zuwa ga 'yar kawuna Torhild,

Ina yi miki ta'aziyya, Allah ya ba ki haƙuri. Na so in rubuto tun da wuri, amma na ce ba zan zo miki hannu rabbana ba. Jikina da sauƙi.

An yi. Ba da daɗi aka yi ba. Ragnhild ta ce mini maci amana, ta ce uwata na juyi a kabarinta. Na ce mata, "Ragnhild, ni na tsaya a wurin, ke ba ki tsaya ba. Na ga Arnfinn riƙe da akwati ruwa na dukansa." Ta sa hannu ta jefo mini biron, ta fita daga ƙungiya, ita da 'ya'yanta.

Na shigo jirgin fito ranar Laraba da mai sassaƙa, na zauna a kan kujerar da na zo da ita har ya gama. Na hango hayaƙi a gidanki, amma kunya ta hana ni hawowa. Na je jikin katanga. Ban taɓa zuwa wajen ba, ban san haka ruwa ke kwanciya a wurin ba, takalmina ya nutse har idon sawu.

Gaskiya zan faɗa miki, don kwalba na fara wannan abu. Amma da na ga sunan Kawu Halvard yana fitowa harafi bayan harafi, sai na ji ko da gwajin bai dace ba, daidai aka yi. Da ma tun yana raye aka yi shi.

Ki je ki gani. In kin gamsu, ki ba direban jirgin safe kwalbar, zan tarye shi a tasha. Masu binciken sun ce in ta iso cikin makon nan za su iya.

Ɗan gwaggonki,
Sigvald

Ura, 3 ga Agusta

Sigvald,

Ina lafiya. Gidan ya yi mini faɗi, har yanzu kofi biyu nake zubawa da safe, amma ina lafiya.

Na je na gani. Aikin ya yi kyau, mai sassaƙanka ya iya. Haruffan girmansu ɗaya, na auna da yatsana. Na zauna a ciyawa na yi kukan da ban yi ba ranar da ruwa ya dake mu a ƙofar coci. Na karanta wasiƙarka a wurin, na ga inda ka rubuta kawu. Na yarda da zuciya ɗaya ka rubuta shi. Da ka zama mugu kamar uwarka da abin ya fi mini sauƙi.

Kada ka je tasha, ba abin da zai zo.

Ba ni da kwalbar. Tun kafin in rubuta maka alkawarin nan ba ni da ita. Ranar da muka shirya Arnfinn, ni na sa masa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ni na saka kwalbar a aljihun ciki, na sa maɓallin da hannuna. Na tsaya har aka rufe akwatin.

Kada ka ɗora masa laifi. Shi cewa ya yi, "Ki aika musu, Torhild, ya isa haka. Ni ma da zan so in san ko wane ne mutumin." Na ce to. Ƙarya na yi wa yayana yana kan gadon mutuwa, kuma wannan tsakanina da shi ne, ni zan ɗauka. Ba na barci sosai tun daga ranar. Amma ko yau aka mayar da ni bakin akwatin nan, a aljihun zan sake sakawa.

Za ka ce na karya alkawari. Na karya. Akwai abin da ba ka sa a tarihinka ba don ba ka sani ba. Kakarmu Oline, uwar babanmu, tana da cikinsa wata bakwai Ivar ya same ta a rumbun ciyawa, ya ce ta yi shiru har a gama bikin aurensa da wata, ta ce wa fasto ba ta san uban ba, shi kuma daga baya zai ba yaron sunansa. Ta yi shiru. Ta tsaya gaban coci ta faɗi abin da ya sa mata a baki, mata suna tofar da yawu in ta wuce. Ta cika nata, ta zauna jiran nasa har ta mutu. Ita ta faɗa mini da bakinta ina taje mata kai. Gidanku ya karɓi abin da yake so ya hana abin da ya yi alkawari, sau ɗaya dai ku ma ku ɗanɗana.

Sunan kuma ba zai gogu ba, Ragnhild da kanta ta faɗa.

In mutanen Amurka sun iso, ka kai su bakin ruwa su ɗauki hoton ramin kwale-kwale. In suka tambaye ka ko mai takobin kakansu ne, ka ce ba ka sani ba, kuma ba za ka taɓa sani ba. In suka matsa suna son ganin inda amsar take, ka kawo su maƙabarta, ku wuce babban dutsenku, ku bi ta cikin taɓo har jikin katangar arewa. Ka ce su sa takalman roba. Dokar da ta hana ku tona kakanku ita za ta hana ku tona yayana.

Ba ni na zaɓi wurin ba, Sigvald. Ku kuka zaɓa mana shi.

Torhild, 'yar Halvard, Rognvik